Tambayoyi da amsoshi kan matsalolin mai kula da kwamfutocin ofis a Kano

Waɗannan tambayoyin su ne dai ake ta maimaita mana kullum, daga masu shaguna a Kwari da Singa zuwa manajojin kamfanoni a Sharaɗa, Bompai da Chalawa, har da masu makarantu da asibitocin kuɗi. Wasu iyayen gida ne ke yinsu, wasu kuma yaran da aka ɗauka aikin ne. In amsa ta jingina da wata zan nuna inda za a duba.

Wai menene ainihin aikinsa, ba gyaran kwamfuta ba ne kawai in ta lalace?

Gyara shi ne ƙaramin ɓangare. Aikinsa na gaske shi ne kada abun ya kai ga lalacewa: ya san kwamfuta nawa ne a wajen da shekarun kowacce, ya tabbatar ana ajiye kwafin bayanai, ya buɗe wa sabon ma'aikaci asusu ya rufe na wanda ya bar aiki, ya kula da rawuta (na'urar da ke raba intanet a ofis), firinta, kyamarorin CCTV da manhajar lissafi irin su QuickBooks, Sage ko Tally. Injiniyan da kullum ka ganshi a guje yana zufa daga wannan tebur zuwa wancan, ba lallai shi ne mai ƙoƙari ba, sau da yawa alama ce ta babu tsari a wajen.

Mu ɗauki namu na dindindin ko kiran na waje ya ishe mu?

In kwamfutocinku basu wuce biyar ko shida ba kuma in ɗaya ta tsaya ciniki baya tsayawa, gaskiya albashin mutum guda asara ne, ku samu wani amintacce ku yi yarjejeniya ta wata-wata, ya riƙa zuwa sau ɗaya a sati ko da babu abinda ya lalace. Amma in kuna da saba (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis, sauran ke jone da ita), ko reshe fiye da ɗaya, ko kashiya bata iya yanka rasit sai da netwok, to kuna buƙatar mutum a zaune.

Abinda na fi gani yana aiki shi ne a haɗa biyun. Yaro ɗaya a ciki dan matsalolin yau da kullum, sai wani gogagge a waje da ake kira in abu ya fi ƙarfinsa, kuma ya riƙa leƙowa duk bayan wata uku ya duba aikin na cikin. Mutum ɗaya ba zai ƙware a netwok da saba da kyamara da manhajar akanta duk a lokaci guda ba, duk wanda yace maka ya iya duka to ka ƙara bincike.

Kowa a ofis kuka yake ba a samun injiniya, shi kuma yace aiki ya masa yawa. Wa ke da gaskiya?

Galibi dukkansu. Yadda abun ke tafiya shi ne, akanta ta tare shi a bakin ƙofa tace firintarta bata fitarwa, mai sito ya kira shi a waya, manaja ya aiko masinja, a sahun sallar azahar wani ya raɗa masa cewa laftof ɗinsa na zafi, shi kuma ya ce wa kowa to insha Allah, zuwa la'asar ya manta rabi kuma wanda ya fi ɗaga murya ko ya fi muƙami shi ake fara yi wa, ko da matsalarsa bata kai ta kashiya da layin kwastoma ke gabanta ba.

Maganin baya buƙatar sayen komai. Ku buɗe guruf ɗaya na WhatsApp na matsalolin kwamfuta kawai, banda gaisuwar Juma'a da tallan atamfa, ko ku yi fom a Google Forms. Duk wanda ke da matsala ya rubuta sunansa, wace kwamfuta, me ta nuna, ya ɗauki hoton fuskarta ya tura. Abinda ba a rubuta ba ba a kawo shi ba, har maigida. Sannan a yarda da jeri: abinda ya tsayar da ciniki shi ne farko, abinda ya hana mutum ɗaya aiki na biye, sauran kwalliya su jira. Bayan wata guda ka karanta abinda aka tara, zaka ga firinta ɗaya ce ko kebul ɗaya ke cinye rabin lokacinsa, sai a canza ta a huta.

Mutum ɗaya ne ya san komai namu, in bai zo ba aiki ya tsaya. Wannan matsala ce?

Ita ce babbar matsalar ma, sauran duk 'ya'yanta ne. Alhaji ba zai taɓa ba yaron shago makullin sito ba tare da ya riƙe sifiya a aljihunsa ba, amma sai ka tarar fasuwad ɗin saba, na rawuta, na kyamara, na imel ɗin kamfani da shafin Facebook duk a kan yaro ɗaya suke, ba a rubuce ko'ina ba. Ba sai ya zama mugu ba, zazzaɓi ya isa, ko ya samu aiki a Abuja, ko ya tafi Umara, ko wayarsa ta faɗa hannun masu ƙwace.

Abinda za a yi: a samu littafi ɗaya ko fayil ɗaya da ke ɗauke da jerin kowace na'ura da lambarta da ranar da aka saya, kowane asusu da fasuwad ɗinsa, sunan kamfanin da ke baku intanet da ranar biya, ranar da rajistar adireshin shafinku zata ƙare, da ɗan zanen yadda kebul ya bi ginin. Kwafi ɗaya a ambulan a rufe a sef ɗin maigida, in an canza fasuwad a sabunta. Masu son na zamani su yi amfani da manhajar ajiye fasuwad irin Bitwarden, amma babban fasuwad ɗin ya zama maigida ma ya sani. Kuma kada a karɓi takardar a ajiye haka nan, a zauna a gwada shiga kowane asusu da abinda aka rubuta.

Sai maganar layin waya, wadda mutane suka fi sakaci da ita. Tun da aka fara haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, layi na wanda NIN ɗinsa ke kai ne, ko da kai ka saya kai kake sa kati. In lambar da ke karɓar kod na imel ɗin kamfani ko WhatsApp ɗin kwastomomi da sunan injiniya aka yi mata rajista, to nasa ne ba naka ba. A yi rajistar layi da sunan kamfani da takardun rajistar kamfani na CAC, ko aƙalla da sunan maigida. Haka adireshin shafinku na intanet, sunan kamfani za a sa a matsayin mai shi. Shafin Facebook kuma ya zama akwai admin biyu.

To ai mu ya riga ya tafi, kuma ba a rabu da daɗi ba. Ya zamu yi?

Fara da lallashi kafin barazana. A nemi wani babba da yake jin nauyinsa, in akwai haƙƙinsa da aka riƙe a biya shi, yawanci a nan maganar ke ƙarewa kuma ya fi arha nesa ba kusa ba. In bata yiwu ba, rawuta tana da ɗan maɓallin da ake dannawa ta koma yadda ta fito daga kamfani, sai dai duk saitin zai goge. Na'urar kyamara dillalinta na iya buɗewa in ka nuna shaidar saye. Adireshin shafi kamfanin da aka yi rajista wajensa na iya dubawa in ka kai takardun CAC. Wanda ya fi wahala shi ne Gmail ɗin da aka buɗe da lambarsa, wannan kam sai an yi sa'a.

Duk abinda kuka samu shiga ku canza fasuwad a ranar, ku cire manhajar shiga kwamfuta daga nesa irin AnyDesk ko TeamViewer da ya saka, sannan ku koma amsar da ke sama ku yi littafin nan kafin ku ɗauki wani.

Kwamfutocinmu sai mutuwa suke, fawa (akwatin wutar cikin kwamfuta) ta ƙone yau, gobe allo. Rashin iyawar injiniya ne?

Kafin ka zarge shi duba wutarku. Ɗaukewar wuta ba ita ta fi kashe kaya ba, dawowarta da ƙarfi da lokacin juyawa daga KEDCO zuwa janareta su ne ke yin ɓarna, sai kuma tsawa a farkon damina da ke bin kebul ta ƙone rawuta da duk abinda ke jone da ita in ginin babu atin mai kyau, wato wayar da ke kai rarar wuta cikin ƙasa. Ko kuna Band A, wanda aka kai kuɗinsa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 da alƙawarin awa 20 a rana, wannan alƙawarin yawan awanni ne, ba wanda yace maka wutar zata zo daidai.

Kowace kwamfutar tebur tana son UPS, ɗan akwatin batir da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, kuma aikinsa ya baka 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe, ba ka ci gaba da aiki awa guda ba. Batirin cikinsa a kan zafin digiri 25 ake lissafin rayuwarsa, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage ta kusan rabi, to ka kwatanta da ofis a Kano a watan Afrilu da zafi ke haura 40. Shi ya sa UPS da yawa a ofisoshi suna nan a ƙarƙashin tebur suna ƙara amma in an ɗauke wuta tare suke mutuwa da kwamfutar. A riƙa gwada su, a canza batir, ba sai an sayi sabo ba. Kada a jona firinta mai tona a UPS, tana jan wuta da yawa. In da hali, a ware ƙaramin inbata da sola dan saba, rawuta da kyamara kaɗai, kada a haɗa su layi ɗaya da firij da AC.

Komai a hankali yake, kullum sai yace a yi fomatin. Babu wata hanya?

Fomatin, wato goge komai a sake saka Windows, duk bayan wata biyu ba gyara ba ne. Tsohuwar kwamfuta mai had-dis na da, in aka sa mata SSD (ma'ajin bayanai na zamani mai sauri) aka kai RAM ɗinta (ƙwaƙwalwar da take aiki da ita) 8GB sai ka rantse sabuwa ce, kuma kuɗin bai kai na sayen wata ba, ana samu a titin Beirut da Farm Centre. Ƙura ma na da nata, bayan hunturu ka buɗe kwamfuta ka ga fankar ta toshe, tana zafi sai ta rage gudu da kanta. A busa su da bulowa kafin zafi ya shigo, a ɗaga su daga ƙasa.

In kuma zaku sayi na hannu, ku lura Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta) da furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama. Laftof ɗin da ake karyar da farashinsu yanzu da yawa 'yan ƙasa da haka ne, araha bata ado.

Netwok ɗinmu kullum yana yankewa, mu canza kamfani ne?

A fara gano ina matsalar take. In an jona laftof da kebul kai tsaye a rawuta yana gudu amma a ofishin ƙarshe baya yi, to ba laifin MTN ko Airtel ba ne, katangar bulo ce da nisa, a ja kebul a ƙara na'urar Wi-Fi a can. In da safe lafiya da rana ya mutu, duba mutum nawa ke kai, dan fasuwad ɗin da aka ba mutum goma a watan jiya yanzu har mai shayin bakin get yana da shi. A raba Wi-Fi biyu, na aiki da na wayoyi da baƙi, a taƙaita na biyun. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 wannan ba ƙaramin kuɗi yake ci ba.

Wajen da ciniki ya dogara da intanet yana buƙatar layi biyu daga kamfanoni daban. A 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sai da suka ji a jikinsu, ba abinda injiniyan ofis zai iya a irin wannan ranar sai in da ma an tanadi wata hanya. Wasu sun koma Starlink, intanet na tauraron ɗan adam da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, yana taimakawa, amma shi ma yana son wuta tsayayya, duba amsar wuta a sama, kuma ruwan sama mai ƙarfi na taɓa shi.

Yace yana yin bakof, wato ajiye kwafin bayanai. Ta ya zan san gaskiya ne?

Kada ka tambaye shi, ka gwada shi. Ka zaɓi wani fayil na watan jiya kace ya dawo maka da shi a wata kwamfutar daban kana tsaye. Bakof ɗin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana nan ba. Na sha ganin inda ake kwafar gajeriyar alamar manhajar lissafi da ke kan fuskar kwamfuta a filash ana cewa an yi bakof, bayanan kansu ba a taɓa su ba.

Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, 1 daga ciki a wajen ginin. Wannan na ƙarshen 'yan kasuwar Kano basa buƙatar dogon bayani a kansa, wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san had-dis ɗin da ke durowa ɗaya da kwamfuta tare zasu tafi. Google Drive na bada 15GB kyauta, ya ishi takardu da fayil ɗin akanta na ƙaramin kamfani. Sai dai a sani, in fayil ya goge ko ya lalace a kwamfuta mai haɗe da Drive to can ma haka zai zama, kwandon shararsa kwana 30 yake riƙewa. Dan haka a samu had-dis na waje da ake jonawa a kwafa a cire, maigida ko akanta ya tafi da shi gida. Kuma asusun Drive ɗin da sunan wa yake? Koma amsar mutum ɗaya da ya san komai.

Windows da Office na bogi muke amfani da su kamar kowa, akwai damuwa?

Akwai. Ɗan abun da ake saukewa dan a buɗe su sai an kashe antibayros kafin ya yi aiki, wato da hannunka ka buɗe wa abinda baka san wa ya rubuta shi ba ƙofa, a kwamfutar da ake shiga banki da ita. Sannan yawanci ana kashe sabuntawa dan kada a gane. Bayros ɗin WannaCry da ya tsayar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017, Microsoft ta riga ta fitar da maganinsa tun watan Maris, waɗanda basu sabunta ba ya kama.

In kuɗin lasisi ya yi yawa, a saya wa kwamfutar akanta da saba, sauran su yi amfani da LibreOffice ko Google Sheets a madadin Office, kyauta ne. Antibayros ɗin Defender da ke zuwa cikin Windows ya isa in an barshi a kunne. Bayros ɗin nan mai ɓoye fayiloli a filash kuwa daga shagunan buga takardu ake kwaso shi, a hana yawo da filash, a tura ta imel.

Fasuwad ɗaya duk ma'aikata ke amfani da shi dan sauƙi. Dole sai kowa da nasa?

Dole. Ranar da aka goge inbois ko aka sauya farashi a manhaja, in kowa admin ne babu wanda zaka kama, sai rantse-rantse. Kowa da asusunsa da iyakar abinda zai iya taɓawa, wanda ya bar aiki a rufe nasa a ranar. A kunna tabbatarwa mataki biyu a imel da WhatsApp, kuma a faɗa wa kowa, kod ɗin da ya shigo waya ba a karanta wa kowa shi ko da yace daga banki yake. Saƙon da yace dila ya canza lambar asusu, a kira shi a lambar da aka sani tun da kafin a tura ko sisi.

Makarantu da asibitoci su ƙara kula, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, hukumar NDPC ke kula da ita, kuma in bayanan mutane suka fita ta yadda zai iya cutar da su awa 72 doka ta bayar a sanar da hukumar.

Shin injiniya na iya ganin sirrinmu?

E, wanda ke riƙe da admin na iya ganin kusan komai da ke kwamfutocin ofis, shi ya sa wajen ɗauka amana ta fi takarda. A sa shi ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, fayil ɗin albashi a sa masa fasuwad na daban, shiga banki kuma babu ruwansa, token da wayar da ke karɓar kod a hannun masu sa hannu zasu zauna.

Zamu iya barin aikin a hannun ɗalibin SIWES (mai zuwa koyon aiki daga makaranta) ko ɗan bautar ƙasa?

Su taimaka, e, wasu yaran BUK da Poly ɗin ma sun fi wanda suka tarar. Amma ɗaya watanni zai yi ɗayan shekara guda, in ya kafa muku tsari da imel ɗinsa ya tafi kun koma gidan jiya. Duk abinda ya saita ya rubuta shi a littafin nan, kuma kada a bashi babban fasuwad.

Kullum sai ya kawo lissafin sayayya, ina zargin yana ɗora nasa. Ya zan gane?

Ka raba mai cewa a saya da mai biya. Shi ya rubuta takamaiman abinda ake so, samfuri da lamba, wani ya jiyo farashi a shago biyu ko uku, a biya shagon kai tsaye ta taransifa a karɓi rasit, tsohon abun da aka cire a dawo da shi sito. Wannan kariya ce gare shi shi ma, dan zargi ba daɗi.

Amma ranka ya daɗe, a duba ɗaya gefen. Da yawa sun rubuta a canza batirin UPS an ce a bari sai wani watan, har saba ta ƙone aka kashe ninkin kuɗin kuma aka ce sakacinsu ne. A ware wani abu duk wata na tona, batir, kebul da data, kada ya zama sai an tsaya layi a ofishin Alhaji kan kowane kebul.

Ni ne injiniyan. Ana sa ni gyaran dish a gidan oga da saita wayar Hajiya, aikin ofis na jira. Ya zan yi ba tare da na yi rashin kunya ba?

Kada kace a'a, ka nuna masa jerin. Kace, Alhaji ga abinda ke gabana, kashiya bata iya buga rasit, in tafi gidan yanzu ko in gama wannan tukuna? Shi da kansa zai ce ka gama. Wannan ma wani amfanin rubuta matsaloli ne da aka yi bayani a amsar rashin samun injiniya. Ƙarshen kowane wata ka miƙa masa shafi ɗaya: abinda aka gyara, abinda ke neman lalacewa, kuɗin gyaransa yanzu da abinda za a rasa in ya mutu, da naira zaka rubuta ba da sunayen na'urori ba, ka sa kwanan wata ka riƙe kwafinka. In ya amince da baki, ka bishi da saƙon WhatsApp kace kamar yadda muka yi magana ɗazu, dan ya zama a rubuce.